Yadda Ake Tsara Lambun Gida da Zaɓen Tsirran da Ba Sa Cin Ruwa

Yawancin ruwan da ake zubawa a lambun gida ba tsirran ne ke shan sa ba. Wani rana ce ke ƙafar da shi tun bai nutse ba, wani ya gangara kan siminti ya bi kwata, wani kuma ya zarce can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan da gidajen ƙasar ke amfani da shi a wajen ɗaki yake ƙarewa, kuma har rabin ruwan da ake ba lambu kan iya salwanta saboda iska da rana da rashin iya ban-ruwa. Ganin irin wannan ɓarna ne ya sa hukumar ruwa ta birnin Denba, a jihar Kolorado, ta fito da tsarin lambu mai tattalin ruwa a shekarar 1981. Tsarin ya yaɗu zuwa ƙasashe da yawa, kuma abin da ke cikinsa ba ya buƙatar na'ura mai tsada.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, ana yanke yawan ruwan da lambu zai ci tun kafin a sa dashe na farko a ƙasa. In tsarin ya karkace, rage ruwa daga baya kisan tsirrai ne kawai. Saboda haka sayen shuka yana can tsakiyar aikin nan, ba a farkonsa ba.

Mataki na farko: ka zauna ka kalli filin

Ɗauki takarda ka zana filin: gini, katanga, ƙofa, famfo, hanyar da ƙafa ke bi, itatuwan da ka tarar, da inda bututun ruwa ko wayar lantarki suka ratsa ta ƙarƙashin ƙasa. Sai ka leƙa da safe, da tsakar rana, da kuma yamma, kana sa alama a inda rana ta faɗa da inda inuwa take. Wurin da ke samun rana awa shida ko fiye, wurin rana ne. Na awa uku zuwa shida, rabi da rabi. Wanda bai kai uku ba, inuwa ce. Ka lura sosai da gindin katangar da ke fuskantar yamma, domin ita ke haɗiye zafin la'asar ta riƙa amayar da shi har bayan duhu ya yi, kuma duk abin da ka dasa a nan zai sha wuya fiye da ɗan'uwansa da ke taku goma daga wurin.

Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, fita ka ga inda yake bi. Ina indararo ke zubarwa? Ina ruwan ke kwanciya, ina yake gudu ya tafi da ƙasa? Sa kibiya a takardar. Ka kuma rubuta gefen da busasshiyar iska ta fi kaɗowa, don iska na busar da ganye da ƙasa kamar yadda rana ke yi, wani lokaci ma ta fi ta.

Mataki na biyu: ka san ƙasar da kake da ita

Nan ne mutane suka fi yin gaggawa, nan kuma ya fi cancantar a tsaya. Ƙasa mai yashi tana haɗiye ruwa nan da nan amma ba ta riƙe shi. Ƙasa mai laka tana riƙewa, amma shan nata a hankali ne, kuma in ta ƙoshi sai ta shaƙe saiwa. Ban-ruwan da ya dace da ɗaya zai cuci ɗayar.

Gwaji biyu sun isa. Na farko da kwalba mai faɗin baki. Tono ƙasa daga zurfin kamar santimita 15, ka cire tsakuwa da saiwoyi, ka zuba har sulusin kwalbar, ka cika da ruwa, ka ɗiga sabulun ruwa kaɗan, ka girgiza sosai ka ajiye. Cikin minti ɗaya ko biyu yashi zai kwanta a ƙasa, sa alama. Bayan kamar awa biyu, lallausan turɓaya zai hau kansa, sa wata alamar. Laka ita ce ta ƙarshe, takan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ruwan ya washe. Kaurin kowane hawa shi ke nuna maka abin da ya rinjaya.

Na biyu gwajin rami ne. Haƙa rami mai zurfi da faɗin santimita 30, ka cika shi da ruwa ka bar shi ya tsotse. Washegari ka sake cikawa, ka tsayar da sanda a ciki kana auna yadda ruwan ke sauka a kowace awa. In yana sauka santimita 2.5 zuwa 7 ko 8, ƙasar ta yi daidai da yawancin tsirrai. In bai kai 2.5 ba, ruwa na kwanciya a wurin, sai ka ɗaga kunya ka yi dashe a kanta, musamman ga tsirrai masu kaurin ganye da ruɓewa ke saurin kamawa. In ramin ya ƙafe cikin 'yan mintuna, yashi ne tsantsa.

Maganin duka biyun kusan ɗaya ne: ruɓaɓɓen taki na ganye da kashin dabbobi wanda ya huce. A yashi yana riƙe damshi, a laka yana buɗe ƙofofin da ruwa da iska za su shiga. Shimfiɗa kaurin santimita 5 a kan fangalin da za ka sa kayan lambu da furanni, ka juya shi cikin santimita 20 na sama. Kada ka ce za ka gyara laka da ɗan yashi. In yashin bai yi yawa ƙwarai ba, abin da za ka samu ya fi na da tauri. Tsirran jeji kuwa, waɗanda suka saba da ƙasa maras ƙarfi, ba sa neman wannan gata. Taki mai yawa yana sa su yi toho mai laushi wanda ke neman ƙarin ruwa.

Mataki na uku: ka tare ruwan sama kafin ya fita

Ga lissafi ɗaya da ya kamata kowane mai lambu ya haddace: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai tsawon mita 10 da faɗin 8 murabba'in mita 80 ke nan. Ruwa ɗaya na milimita 20 zai sauke lita 1,600 a kansa. Ko ka cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke fantsama da wanda ke ƙafewa, kana da kusan lita 1,300 daga ruwan dare ɗaya. A gidaje da yawa duk wannan yana bin indararo ya fice waje, sannan bayan mako guda a buɗe famfo a ba shuka.

Tanki yana da amfani, amma ka san iyakarsa. Ruwa biyu sun cika shi, kuma 'yan makonni na rani sun ƙarar da shi. In za ka sa, ka tuna lita 1,000 tan guda ce, don haka mazauninsa ya zama mai ƙwari kuma a miƙe. Rufe bakinsa da raga saboda sauro, ka bar ruwan farko da ya wanko ƙura da kashin tsuntsaye ya zube, ka kuma yi masa hanyar ambaliya da za ta kai rarar ruwan gindin itace.

Ma'ajiyar da ta fi kowane tanki girma ita ce ƙasar kanta. Aikinka shi ne ka rage wa ruwa gudu, ka baza shi, ka ba shi lokacin nutsewa. A inda kibiyoyin takardarka suka nuna ruwa na bi, haƙa kwari mai faɗi maras zurfi, santimita 10 zuwa 20, ka tara ƙasar da ka kwashe a gefen gangare ta zama ɗan bango. In filin na da gangara, yi ramukan su ratsa gangarar a kwance, ba su bi ta a tsaye ba. Kowane itace kuma a yi masa kewaye mai siffar rabin wata, bakinsa na kallon tudu. Manoman yankin Sahel sun farfaɗo da ƙasar da ta mutu da wannan dabara da kuma ramukan da ake kira “zai”, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwa da taki, waɗanda Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya shahara da su har ya samu kyautar Right Livelihood a 2018. Abin da ya yi aiki a fako zai yi aiki a tsakar gida.

Sharaɗi biyu ne. Kwarin ya nisanci harsashin gini da aƙalla mita 3, kuma ruwan da ya taru a ciki ya nutse cikin kwana ɗaya ko biyu. Sauro na buƙatar kusan mako guda kafin ƙwansa ya zama mai tashi, don haka ruwan da ya ɓace cikin awa 48 ba zai haifar maka da shi ba.

Wajen daɓe ma akwai zaɓi. Siminti ba ya shan ruwa ko ɗigo, kuma yana ƙara zafi. Tsakuwa, ko bulon daɓe da aka jera kan yashi aka bar 'yar tazara a tsakani, suna barin ruwa ya shiga. In dole sai siminti, a karkata shi ya zubar cikin fangali.

Mataki na huɗu: raba filin bisa ƙishin tsirrai

Shukar da ta fi kowa ƙishi a fangali ita ke yanke yawan ruwan da za a ba fangalin gaba ɗaya. In ka dasa ayaba kusa da alobera, ko dai ayabar ta bushe ko aloberar ta ruɓe. Don haka a kasa filin gida uku.

Kashi na farko shi ne na masu shan ruwa kullum ko bayan kwana biyu: kayan lambu, na'a-na'a, furanni masu laushin ganye, ayaba, gwanda. Wannan ya zama ƙarami, kusa da famfo da ƙofa inda ido ke kai kullum, kuma in da hali a inda inuwar yamma ke faɗawa. Kashi na biyu na masu neman ruwa sau ɗaya a mako ko kwana goma idan sun kafu, kamar yawancin itatuwan marmari. Kashi na uku, wanda ya kamata ya ci mafi yawan filin, na waɗanda ruwan sama ya ishe su ne bayan sun kama ƙasa, sai dai a taimaka musu sau ɗaya ko biyu in fari ya yi tsanani. Gindin katangar yamma, gefen hanya, da lungun da tiyo ba ya kaiwa duk nasu ne.

Mataki na biyar: zaɓen tsirran

Kafin ka je wurin masu sayar da dashe, zaga unguwa da bayan gari a ƙarshen rani, lokacin da komai ya ƙone. Duba abin da ke tsaye da ganyensa a kangon da ba mai kula da shi. Wannan shi ne jerin da ya fi kowane littafi gaskiya, domin tsiron da ya samo asali a yanki ya riga ya saba da ruwansa da ƙasarsa da ƙwarinsa. Abin da ke jure fari a wata nahiya ba lalle ne ya jure a taka ba. Lafanda da rozmari, alal misali, sun fito daga gaɓar Bahar Rum inda ruwa ke sauka da sanyi, zafi kuma ya zo a bushe. Kai su inda zafi da ruwa ke zuwa tare, sai saiwarsu ta ruɓe, duk da sunan da suka yi na jure ƙishi.

Ko ba ka san sunan tsiro ba, jikinsa na faɗa maka halinsa. Ƙananan ganye ko masu siffar allura ba sa zubar da ruwa da yawa. Ganye mai launin toka ko azurfa yana mayar da hasken rana, mai gashi-gashi yana tare iska, mai sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma kuma yana toshe turiri. Ganye mai kauri ko kumburarren gindi ma'ajiyar ruwa ce. Alobera, agabe, moda da dangin kaktus suna da wata dabara ta daban: da rana suna rufe ƙofofin numfashin ganyensu, sai dare ya yi sanyi su buɗe, shi ya sa abin da suke asara kaɗan ne. Ganye mai faɗi, siriri, mai laushi kuwa, ka san mai shi zai riƙa kiran ka da bokiti.

A wurare masu zafi da ƙarancin ruwa, ga waɗanda suka tabbata. Na inuwa: tsamiya, darbejiya, aduwa, kurna, da gawo in fili na da girma. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ke nan inuwarsa na zuwa daidai lokacin da ake nemanta. Na 'ya'ya: rumman, magarya, zaitun a inda ake samun sanyi, da zogale mai saurin girma. Dabino yana son zafi, amma kada kamanninsa su ruɗe ka, mashayin ruwa ne sosai in ana son ya yi 'ya'ya. Na shinge: lalle da boganbiliya, wadda ma ta fi yin fure idan aka ɗan ja mata ƙishi. Na ado: kariya mai jan fure, alobera, moda a inuwa. Ga gangaren da ruwa ke zaizayewa kuma, jema, wadda saiwarta ke nutsawa a miƙe har mita 3 ko fiye ta ɗaure ƙasa.

Akwai abin da za ka tambaya kafin ka biya. Na ɗaya, girman da itacen zai kai nan da shekara goma, don kada ka dasa tsamiya taku biyu daga bango ko ƙarƙashin waya. Na biyu, guba. Kariya da oliyanda da bini-da-zugu duk suna da guba, a nisanta su da inda yara da dabbobi ke wasa. Na uku, mamaya. Wasu baƙin tsirrai suna jure fari har su wuce gona da iri. Itacen furosofis da aka kai gabashin Afirka don yaƙi da hamada ya mamaye makiyaya a yankin Baringo na Kenya, shukar lantana kuma ta zama annoba a Indiya da Ostareliya. Afirka ta Kudu ta kafa shiri na musamman a 1995 don sare baƙin itatuwa irin su turare da wasu dangin bagaruwa na Ostareliya, saboda yawan ruwan da suke zuƙewa daga koguna. Itace na iya jure fari ba don yana shan kaɗan ba, sai don ya iya ƙwace na maƙwabta.

A wurin saye, ƙaramin dashe ya fi babba. Yana kama ƙasa da wuri, yana cin ruwa kaɗan a shekarar farko, kuma sau da yawa yakan kamo babban cikin 'yan shekaru. Ɗaga ledar ka duba ƙasanta. In saiwoyi sun nannaɗe suna zagaye kansu, ko sun huda leda sun shiga ƙasa an tsinke su, ajiye ka ɗauki wani.

Maganar ciyawar ado

Ita ce mafi cin ruwa a yawancin lambuna. Ƙa'idar da aka saba ita ce milimita 25 a mako, a wuri mai zafi kuma ta fi haka. Filin ciyawa na murabba'in mita 50 ke nan yana lashe lita 1,250 kowane mako, a mafi ƙaranci. Jihar Nebada ta Amurka ta yi doka a 2021 da ta hana amfani da ruwan kogin Kolorado wajen shayar da ciyawar da ado kawai take yi a yankin Las Begas, ban da ta gidajen zama na iyali ɗaya, daga farkon 2027. A ganina tambayar da dokar ta yi ita ce daidai ga kowane gida: akwai mai taka ciyawar nan? In yara na wasa a kai ko ana zama, a bar gwargwadon abin da ake amfani da shi, a dunƙule wuri ɗaya, ba sirara-sirara a gefen hanya ba. A zaɓi irin da ke jure zafi kamar kiri-kiri, wadda kan yi ja da rani ta farfaɗo da ruwan farko, amma a yi mata iyaka da bulo don tana kutsawa cikin fangali. Wajen yanka a bar ta da ɗan tsawo, kada a cire fiye da sulusin tsayinta a lokaci guda.

Mataki na shida: dashe

Yi dashe a farkon damina, ko a lokacin da zafi ya sauka, da yamma ko ranar da gari ya lumshe. Faɗin ramin ya ninka na ƙasar da ke cikin leda sau biyu ko uku, amma zurfinsa kada ya wuce nata. Wuyan itace, inda gangar jiki ta haɗu da saiwa, ya tsaya daidai da fuskar ƙasa. Binne shi da zurfi yana kashe itace a hankali, mai shi na ta ƙara ruwa bai san dalili ba. Karce bangon ramin in ya yi santsi, cire ledar gaba ɗaya, warware saiwoyin da suka fara lanƙwasa, ka mayar da ƙasar da ka haƙo. Kada ka cika ramin da taki zalla, domin saiwa za ta ji daɗi ta ƙi fita neman ruwa a waje. Yi ɗan bango kewaye da shi, ka cika da ruwa sau biyu.

Ba da tazara gwargwadon girman da tsiron zai kai, ba girmansa na yau ba. Lambun zai yi kama da wanda ba a gama ba a shekarar farko, kuma haka ya kamata ya kasance.

Mataki na bakwai: lulluɓe ƙasa

Kada ka bar ƙasa tsirara ko taku ɗaya. Busasshen ganye, yankakken kara, ɓawon itace, ƙaiƙayi, busasshiyar ciyawar da ba ta yi iri ba, duk suna yi. Kauri santimita 5 zuwa 8. Lulluɓin yana rage ƙafewa, yana sanyaya saiwa, yana hana ciyayi fitowa, kuma yana ruɓewa ya zama taki. Jiƙa ƙasar sosai kafin ka shimfiɗa, ka kuma ja shi baya kamar faɗin tafin hannu daga jikin itace, saboda ruɓa da gara. A inda gara ta yi yawa, a nisanta lulluɓin itace da bangon gini. Tsakuwa ta dace da kaktus da alobera, amma tana ɗaukar zafi, don haka ba ta dace da masu laushin ganye ba. Baƙar leda a ƙarƙashin lulluɓi kuma ba na ba da shawararta, tana hana ruwan sama da iska shiga.

Mataki na takwas: ban-ruwa

Tsiron da ake cewa yana jure fari ba ya jure komai ranar da aka dasa shi. Juriyarsa a saiwa take, saiwar kuma ba ta riga ta fita ba. Mako ɗaya ko biyu na farko a ba shi kullum, daga nan zuwa wata uku bayan kwana biyu ko uku, sannan sau ɗaya a mako. Gajerun itatuwa kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin su kafu, manya kuma biyu zuwa uku. Ana tsawaita tazarar ne ana ƙara yawan abin da ake zubawa a kowane karo, kuma ana matsar da wurin zubawar daga gindi zuwa ƙarƙashin bakin rassa, inda ƙananan saiwoyi masu sha suke.

Dalilin shi ne saiwa tana bin damshi. Yayyafin kullum yana jiƙa santimita biyu ko uku na sama, sai saiwoyi su taru a nan, inda rana ke busarwa cikin awa kaɗan. Ruwa mai yawa da ake jinkirtawa yana sauka ƙasa, saiwa ta bi shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: itacen da aka saba wa yayyafi shekara uku ba zai koyi nutsawa a ta huɗu cikin sauƙi ba. Abin da ake nema shi ne damshi ya kai santimita 15 zuwa 20 ga ciyawa da furanni, 30 zuwa 45 ga gajerun itatuwa, 60 ko fiye ga manya. Don ka tabbatar, soka siririn rodi bayan awa kaɗan da ban-ruwa. Zai shige cikin sauƙi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya tsaya inda ta bushe.

Lokaci mafi kyau shi ne sassafe, kafin rana ta ɗaga da iska ta taso. Kafin ka buɗe famfo, tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In da sanyin damshi, bari sai gobe. Ganyen da ya yi yaushi da tsakar rana ba lalle ƙishi ba ne, da yawa suna miƙewa da kansu in gari ya yi sanyi. Wanda ya kwana ya tashi da yaushinsa shi ne mai neman ruwa, sai dai in ƙasar a jiƙe take, to wannan ruwa ne ya yi masa yawa har saiwa ta fara ruɓa. Alamun biyu suna kama da juna, kuma a lambunan gida ruwan da ya yi yawa yana kashe tsirran jeji fiye da ƙishi.

A kayan aiki, ban-ruwa na ɗigo-ɗigo ya fi kowanne. Injiniya Simka Bilas ne ya inganta shi a Isra'ila, kamfanin Netafim da aka kafa a 1965 ya fara ƙera shi. In an shimfiɗa shi daidai, kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan yana isa saiwa, alhali na'urar feshi kan tsaya tsakanin 50 da 75. Kowane bakin ɗigo na da adadinsa, yawanci lita 2 ko 4 a awa, don haka lissafi a fili yake: baki 30 masu lita 2, awa guda, lita 60. Sa matata a farkon layin don ƙofofin na toshewa da yashi, ka ba kowane kashi na lambun nasa makunni, ka kuma shimfiɗa bututun a ƙarƙashin lulluɓi. Tankin da aka ɗaga mita ɗaya ko biyu yana iya tura ruwa a gajeren layi ba tare da inji ba, in an sayi bututun da aka yi don ƙaramin matsi.

Wanda ba shi da wannan, tukunyar ƙasa maras fenti ta wadatar. An rubuta wannan dabara a ƙasar Sin fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A binne tukunyar har wuya, a cika, a rufe bakinta, a dasa kewaye da ita. Ruwa na tsatsowa ta jikinta ne gwargwadon bushewar ƙasar, in ƙasa ta jiƙe sai tsatsowar ta ragu. In ruwanka na da gishiri-gishiri, ko da ɗigo kake yi ko da tukunya, farin gishiri zai riƙa taruwa a gefen inda ya jiƙe, sai a riƙa yin ban-ruwa mai yawa jefi-jefi don a wanke shi ya sauka ƙasa da saiwa.

In da na'urar feshi kake shayar da ciyawa, jera gwangwanaye biyar ko shida masu miƙaƙƙen baki a filin, ka kunna minti 15, ka auna zurfin ruwan kowanne. In matsakaicin ya ba ka milimita 6, to awa guda a mako ta kai ka kusa da 25. A ƙasa mai laka, raba wannan awar gida biyu ko uku da hutu a tsakani, don da ruwa ya fara gudu a sama, duk abin da ya biyo baya asara ne.

Ruwan wanka da na ɗaurayar tufafi ma yana shayar da itatuwa da shinge. A zuba shi a ƙasa ƙarƙashin lulluɓi, ba a kan ganye ba, kuma kada ya kwana fiye da ɗaya a ajiye don yana wari. Ban da ruwan da ke da bilic, ko maiƙon wanke-wanke, ko wanda aka wanke ƙazantar jarirai da shi, kuma ba a ba ganyen da ake ci ɗanye. A riƙa sauya wurin zubawa saboda gishirin sabulu. Wasu ƙasashe da birane suna da doka a kan wannan, sai a bincika kafin a ja bututu.

Abin da ya rage na kulawa

Cire ciyayi tun suna ƙanana, don tare suke sha da shukarka. Rage takin zamani, musamman mai sa ganye, kuma kada a zuba shi ko a yi babban sassabe a tsakiyar fari, domin sabon toho ƙarin baki ne. Ƙara lulluɓi sau ɗaya ko biyu a shekara in ya yi siriri. Sau ɗaya a wata ka bi layin bututu yana aiki, kana neman inda ya toshe ko ya fashe. Famfon da ke ɗigo sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 11,000 a shekara. In kana da agogon da ke buɗe ruwa da kansa, sauya saitinsa duk lokacin da yanayi ya juya, ka kashe shi da damina.

A ƙarshen rani na biyu, ɗauko takardar da ka zana ka zaga da ita. Ban da manyan itatuwan da ba su gama kafuwa ba, duk tsiron da ke kashi na uku amma har yanzu sai an ba shi ruwa kowane mako, ba a wurinsa yake ba. Tono shi idan ruwa ya sauka ka mayar da shi kashi na biyu, ka cike gurbin da irin wanda ya yi kyau a gefensa.